Daga Gashuwa zuwa Landan: yadda ake auna nisan tafiya ta sama, da abin da tsuntsayen Dagona ke nunawa

A kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke a watan Oktoba, dubban tsuntsaye daga Turai da arewacin Asiya na sauka a tafkin Dagona da ke Ƙaramar Hukumar Bade ta Jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa. Suna cin hunturu a nan, su juya gida a watannin Maris da Afrilu. Saboda su ne sunan wannan ƙauye ya shiga littattafan masana a ƙasashen waje, har Yarima Philip, mijin marigayiya Sarauniyar Ingila, ya ziyarci wurin a 1989, lokacin yana shugabancin asusun kare namun daji na duniya, WWF.

Yariman ya zo ta jirgin sama, tsuntsayen kuwa da fikafikansu, amma sarari ɗaya suka ratso. To, kilomita nawa ne tsakanin Landan da Gashuwa?

Amsar a taƙaice ita ce kimanin kilomita 4,400. Sai dai wannan adadi yana nuna mafi ƙarancin nisan da zai yiwu ne kawai. Babu jirgin da ke cin daidai wannan adadin, kuma da wuya a samu tsuntsun da ke yin haka. Sanin dalilin yana taimaka wa maniyyaci ya fahimci abin da ke sa kuɗin kujera ya tashi, yana kuma bayyana abin da ya sa ƙaramin tafki a arewacin Yobe ya dami mutanen da ba su taɓa taka Najeriya ba.

Yadda ake samo adadin

Duniya ƙwallo ce, kewayenta ya kai kimanin kilomita 40,000. Masana sun raba wannan kewaye zuwa digiri 360, don haka kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa yana daidai da kusan kilomita 111. Gashuwa tana kan digiri 13 saura kaɗan a arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, Landan kuma tana kan digiri 51 da rabi. Tazarar ta kai digiri 38 da ɗoriya, wato kusan kilomita 4,300 idan da Landan tana arewa da Gashuwa sak.

Amma Landan ta karkata yamma da kimanin digiri 11. Mai lissafin gaggawa zai ɗauka cewa wannan zai ƙara kilomita fiye da 1,000 a kan tafiyar, alhali abin da yake ƙarawa bai wuce ɗari da 'yan kai ba. Dalili na farko shi ne mai tafiya a karkace yana cin arewa da yamma a lokaci guda. Na biyu kuma, layukan da suka tashi daga kudu zuwa arewa suna matsowa kusa da juna yayin da ake hawa sama, har su haɗu a ƙuryar arewacin duniya. Digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma ya kai kilomita 108 a Gashuwa, a Landan kuwa 69 ne kacal.

Hanyar da ta fi kowace gajarta tsakanin wurare biyu a kan ƙwallo ita masana ke kira babbar da'ira. Duk wanda ya taɓa ganin ana fafe duma ya san ta. Idan aka raba duma gida biyu daidai wa daida domin a fitar da ƙwarya biyu masu girma ɗaya, bakin ƙwaryar shi ne babbar da'ira. Idan aka ɗiga alama biyu a jikin duman, aka yanka shi ta yadda wuƙar za ta bi ta kan alamun biyu ta kuma ratsa tsakiyarsa, layin da ke tsakanin alamun shi ne hanya mafi kusa. Zare da aka ja da ƙarfi tsakanin alamun zai kwanta a kan wannan layin da kansa.

Da wannan lissafi, daga Gashuwa zuwa Jidda kimanin kilomita 3,100 ne, zuwa Moscow kusan 5,300, zuwa Helsinki ta ƙasar Finland kusan 5,400. Akwai kuma iyakar da nisa ba ya wucewa. Babu wurare biyu a doron ƙasa da ke da tazarar da ta haura rabin kewayen duniya, wato kilomita 20,000. Wurin da ya fi ko'ina nisa da Gashuwa yana cikin Tekun Pasifik, kusa da tsibiran Samoa. Wanda ya wuce nan, ta kowace fuska ya nufa, ya fara dawowa gida ke nan.

Wani abin da ke rikita masu duba nisa a intanet shi ne ma'auni. Kilomita 4,400 daidai yake da mil 2,730 na ƙasa, kuma daidai da mil 2,380 na teku. Matuƙan jiragen sama da na ruwa da mil na teku suke aiki, mai tsawon mita 1,852, domin an ƙirƙiro shi ne daga kashi ɗaya cikin 60 na digiri, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da taswirarsu. Mil na ƙasa mita 1,609 ne. Alƙaluma uku daban-daban na iya nufin nisa ɗaya.

Ilimin ba sabo ba ne, kuma Musulmi na da hannu dumu-dumu a cikinsa saboda buƙatar sanin alƙibla. Wajen shekarar 830 Halifa Al-Ma'amun ya tura masana filin Sinjar, a Iraƙi ta yau, domin su auna tsawon digiri ɗaya a ƙasa. A 1025 Al-Biruni ya kammala littafinsa kan tantance matsayin birane, inda ya fitar da alƙiblar birnin Ghazna da ke Afghanistan. Alƙibla ita ce fuskar da babbar da'ira ta nufa daga inda mutum yake zuwa Makka. A Gashuwa ta karkata daga gabas zuwa arewa da kimanin digiri 21. A birnin New York kuwa masallata arewa maso gabas suke fuskanta, duk da cewa a taswirar bango Makka tana ƙasa da su ta kudu.

Wannan saɓani daga taswirar yake. Ba a iya shimfiɗa ƙwallo a takarda sai an ja wasu sassa an buɗa su. Taswirar da aka fi gani a azuzuwa ta samo asali ne daga aikin Gerardus Mercator na 1569, wanda ya tsara ta domin matuƙan jiragen ruwa. Tana kumbura ƙasashen da ke can arewa, har tsibirin Greenland ya yi kama da Afirka a girma, alhali Afirka ta ninka shi sau 14. A kan irin wannan taswira hanya mafi kusa takan fito a lanƙwashe. Fasinjan da ya ga layin jirginsa ya yi baka a allon da ke gaban kujerarsa yakan zaci ana zagaye da shi, alhali miƙaƙƙiyar hanya ake bi. A tafiyar Najeriya zuwa Turai lanƙwasar ba ta cika fitowa ba, domin tafiya ce daga kudu zuwa arewa. A tafiyar gabas da yamma, kamar daga Landan zuwa Tokyo, ta fi bayyana.

Hangen Dala ba shiga birni ba

Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Gashuwa zuwa Landan. Matafiyi zai fara shiga mota zuwa Kano, wadda ke da nisan kilomita 290 a miƙe, fiye da haka a kan kwalta. Daga Kano zuwa Landan kilomita 4,460 ne a kan babbar da'ira, tafiyar da ba za ta kai awa shida ba ga jirgin da ke gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Idan ya bi ta Abuja, jimillar ta haura 5,100. Idan ta Alƙahira ya bi, ta kai 6,600. Wanda kuwa ya samu tikiti mai rahusa ta Addis Ababa zai ci kusan kilomita 9,200, fiye da ninki biyu na nisan asali.

Haka abin yake ga maniyyaci. Mutumin Gashuwa da aka ce ya je Kano ya hau jirgin Jidda ya fara tafiyarsa ne da juya wa Makka baya, domin daga Kano zuwa Jidda kilomita 3,400 ne, ya ɗara nisan da ke tsakanin garinsu da Jidda da kusan 300.

Tun ranar farko da jirgi ya sauka a Kano haka lamarin yake. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojojin saman Birtaniya ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham suka sauka a birnin, bayan sun taso daga Helwan, kusa da Alƙahira, a ranar 27 ga Oktoba. Tsakanin Alƙahira da Kano kilomita 3,100 ne a miƙe, amma miƙaƙƙiyar hanyar tsakiyar hamada ce, babu mai, babu ruwa. Sai suka bi Kogin Nilu zuwa Khartoum, sannan suka yanko yamma ta Darfur da Chadi da Maiduguri, tafiyar da ta haura kilomita 4,200. Kusan hanyar da alhazan ƙafa suka daɗe suna bi ce, sai dai su gabas suke nufa. Wuraren ya da zango ne suka zana hanyar.

Jiragen yau sun wuce matsalar mai a irin wannan nisa. Akwai wanda ke tashi daga Singapore zuwa New York, kilomita fiye da 15,000, cikin awa 18 da ɗoriya ba tare da sauka ba. Abin da ke karkatar da su yanzu shi ne siyasa da iska.

Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin samaniyarta. Jirgi ba ya ratsa ƙasa sai da izini, yana kuma biyan kuɗin wucewa, yana bin hanyoyin da aka shata masa. A harshen matuƙa, sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya da sunan Kano aka san shi, shaidar matsayin da birnin ya taka a farkon harkar.

Shekarar 2023 ta nuna wa 'yan Najeriya tasirin wannan iko har sau biyu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana gab da fara jigilar alhazai. Miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Jidda ta kan Chadi da Sudan take bi kafin ta tsallaka Bahar Maliya, don haka dole jirage suka yi zagaye, lokaci ya ƙaru, mai ya ƙaru, kuɗin jigila ya tashi. A watan Agusta kuma sojojin da suka karɓi mulki a Nijar suka rufe nasu sararin na tsawon kusan wata guda, jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da Najeriya, waɗanda suka saba ratsa Aljeriya da Nijar, suka koma kewayawa. A can arewacin duniya, tun da Rasha ta rufe samanta ga kamfanonin Turai a Fabrairun 2022, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga kimanin awa tara zuwa 13.

Ita kuwa iska, tana sauya lokaci ne ko da nisa bai sauya ba. A can sama, inda jirage ke tafiya, akwai wani kogin iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas. Shi ya sa zuwa Landan daga New York kan ɗauki kusan awa bakwai, komawa kuma kusan takwas. A Fabrairun 2020 wata guguwa ta tura wani jirgin British Airways ya yi tafiyar cikin awa 4 da minti 56. Sau da yawa matuƙi kan zaɓi hanya mai tsawo da gangan domin ya hau bayan iskar ko ya kauce mata.

Masu tafiya ba fasfo

Tsuntsayen Dagona ba ruwansu da rufe sararin samaniya, amma iska da zango sun fi damunsu fiye da kowane jirgi.

An daɗe ba a san inda tsuntsayen Turai ke ɓuya da hunturu ba, har wasu malamansu na da suka zaci a cikin taɓon ƙarƙashin ruwa wasunsu ke kwanciya. A 1822 aka harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa kusa da garin Klütz na Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa. Ya yi tafiyar dubban kilomita da shi. Har yau gawarsa na ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Zoben ƙarfen da masunta da mafarautan fadama kan gani a ƙafar tsuntsu jikan wannan dabara ne. Yanzu kuma ana ɗaura musu ƙananan na'urorin bin sawu, wasu ma suna aika bayanai ta tauraron ɗan'adam.

Cikin baƙin da suka fi yawa a dausayin Haɗeja da Nguru akwai wata ƙaramar agwagwa da Turawa ke kira garganey, da wani tsuntsun bakin ruwa mai dogayen ƙafafu da suke kira ruff, wanda ke kiwo a gonakin shinkafa bayan girbi. Wasu daga cikin irin na biyun a Saberiya suke ƙyanƙyasa, kuma an ƙiyasta cewa zuwa da dawowarsu Afirka ta Yamma kan kai kilomita 30,000 a shekara, kashi uku cikin huɗu na kewayen duniya. Suna sauka ne cikin 'yan gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela.

Kowane iri da tsarin tafiyarsa. Manyan tsuntsaye dangin shamuwa ba su cika kaɗa fiffike ba. Iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa suke hawa, su yi sama, sannan su zamo a hankali zuwa ta gaba. Irin wannan iska ba ta tashi a kan teku, saboda haka ba sa yanke Bahar Rum ta tsakiya. Sukan karkata yamma su tsallaka ta mashigin Gibraltar, inda faɗin ruwan bai wuce kilomita 14 ba, ko su bi gabas ta Turkiyya da Falasɗinu da Masar. Doguwar hanya ce, amma ita ce mai arha a gare su, tamkar fasinjan Addis Ababa.

Wasu kuwa miƙewa suke yi. Wani bincike da masana a Sweden suka wallafa a 2011 ya nuna cewa wani tsuntsun fadama mai dogon baki, da ake kira great snipe, ya tashi daga ƙasar zuwa kudu da Sahara, tafiyar kilomita 4,300 zuwa 6,800, cikin kwana biyu zuwa huɗu ba tare da ya sauka ba. Wato abin da ya kai nisan Landan da Gashuwa, a tashi ɗaya, ga halittar da ba ta kai tattabara nauyi ba. Zakaran gwajin dafi a wannan fage shi ne wani ɗan tsuntsun bakin teku da ya tashi daga Alaska a Oktoban 2022 ya sauka a Tasmania ta Ostareliya bayan kwana 11, ya ci kilomita 13,560.

Man da suke tafiya da shi kitse ne. Kafin su tunkari hamada, wadda faɗinta daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, ƙananan tsuntsaye kan ci su ƙoshi har nauyin wasu ya kusa ninkawa. Masu bincike sun auna wannan a Malam Fatori, gaɓar Tafkin Chadi, tun ƙarshen shekarun 1960. A nan ne muhimmancin Dagona ya fito. Ga mai zuwa daga arewa, dausayin Sahel su ne ruwan farko bayan hamada. Ga mai komawa, su ne gidan mai na ƙarshe. Tsuntsun da bai samu abin da zai ci a watan Maris ba, ko dai ya faɗi a yashi, ko ya isa Turai a galabaice ya kasa ƙyanƙyasa.

An taɓa ganin hakan ƙarara. Bayan ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968, masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun tarar a 1969 cewa wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, da ya saba cika shingayen gonakinsu, ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku. Sai da aka yi bincike aka gano cewa farin da ya fara addabar makiyaya da manoman Sahel ne ya cinye su.

Ruwan Dagona daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake, waɗanda ke haɗuwa su zama Komadugu Yobe. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, dukansu a Jihar Kano, yanayin ambaliyar shekara-shekara ya sauya, filin da ruwa ke mamayewa ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1960. Ruwan da ake saki duk shekara ba tare da bin yanayin damina da rani ba ya ba ciyawar kachalla damar yaɗuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu wurare suka nutse, wasu suka bushe. Manoman shinkafa da masunta da makiyaya na Bade da Nguru su suka fara ɗanɗana kuɗarsa kafin tsuntsaye, kuma gyaran da zai amfane su shi ne dai zai amfani tsuntsayen.

A takarda, wurin ba ya rasa kariya. Dagona na cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sanya a jerin dausayi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, tafkin Dagona kuma ya bi sahu a 2008. A 2006 jihohin Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe tare da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe, mai hedikwata a Damaturu, domin daidaita rabon ruwa da yashe magudanai.

Ma'aunin da ake gane ko waɗannan matakai na aiki shi ne ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake gudanarwa a tsakiyar watan Janairu a ƙasashe da dama lokaci guda. A tsakiyar shekarun 1990, ƙidayar dausayin Haɗeja da Nguru takan haura tsuntsaye 200,000 a shekara, a yankin da aka tabbatar da ganin nau'o'i fiye da 300.